Tsohuwar mota a ƙasar ƙanƙara: saurari kukanta kafin ka kashe kuɗinka

Ka sha ganin irin bidiyon nan a TikTok ko Instagram: wani ɗan'uwanmu da ya tafi karatu Kanada ko Rasha ya fito ƙofar gida, ya watsa tafasasshen ruwa sama, ruwan ya koma farin hayaƙi tun bai sauko ƙasa ba. Kowa ya yi dariya, a yi ta tura masa alamar mamaki. Abin da ba a ɗora wa a shafi shi ne ƙarfe bakwai na safe, lokacin da zai shiga 'yar tsohuwar motar da ya tara kuɗi ya saya a hannu, ya murɗa makulli, ta yi masa ƙas-ƙas-ƙas ta yi shiru. Ga lacca ƙarfe takwas, ko aikin da ake biya da awa, wanda da shi ake biyan haya. Ga mai janwe da makanike da kuɗinsu kan cinye albashin kwanaki.

Idan kana can, ko kana shirin tafiya, ko kana da wa ko ƙanwa a can, wannan naka ne. Ke ma 'yar'uwa da ke nake, domin motar ba ta san jinsi ba. Kai da kake Jos ko Gembu da tsohuwar Golf, ka tsaya ma, akwai rabonka a gaba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yawancin lokaci sanyi yana tona asirin raunin da motar ta daɗe tana ɓoyewa ne tun lokacin zafi. Kuma motar da kanta takan gaya maka inda raunin yake, in ka iya saurare.

Abin da sanyi ke yi wa inji

Abu uku ne ke faruwa lokaci guda. Na farko, batir yana rauni. Wutarsa daga haɗuwar dalma da ruwan asid take fitowa, fasahar da Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro tun 1859, kuma sanyi yana rage saurin wannan haɗuwa. A digiri 18 ƙasa da sifili, batir kan rasa kusan rabin ƙarfinsa. Na biyu, baƙin mai yana yin kauri kamar zuma, sai inji ya yi nauyin juyawa. Na uku, fetur ba ya saurin zama tururi, alhali tururin ne ke kamawa da wuta a cikin silinda.

Ka ga ke nan aiki ya ƙaru daidai lokacin da ƙarfin mai aikin ya ragu. Sabuwar mota tana da rarar ƙarfin da za ta jure. Wadda ta shekara 15 ko 20 tana yawo ba ta da wannan rarar. A birni irin Winipeg na Kanada, inda daren watan Janairu kan sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifili, ƙaramin rauni ma ya isa ya zaunar da ita.

Kunnenka ne makanike na farko

Kafin ka kira kowa, kashe rediyo, fanka, fitilu, ka cire cajar waya. In motar mai giyar hannu ce, taka kuloci har ƙasa domin ka rage wa kik nauyin juya giya. Sannan ka murɗa makulli ka saurara. Ɗayan uku za ka ji.

Ko dai ka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, ko inji na juyawa a kasalance kamar mai jin barci, ko shiru gaba ɗaya. Wannan maganar wuta ce: batir, kan batir, wayoyi, ko kik.

Ko kuma inji ya yi ta juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa. A nan batirinka lafiya lau yake, ka bar shi. Matsalar tana wajen mai, tartsatsin fulogi, ko iska.

Ko kuma ta tashi, ta yi rawa na daƙiƙa kaɗan, ta mutu. Wannan yakan nuna man da ke isa inji bai kai yadda sanyin ke buƙata ba.

Wannan rarrabewar kaɗai za ta hana ka sayen sabon batir alhali famfon mai ne ya gaji. Kuma duk abin da ka ji, kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10. Ka saki, ka jira kamar minti ɗaya, ka sake. Kik yana zafi da sauri, in ya ƙone ka ƙara wa kanka ciwo na biyu.

Idan wuta ce

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Kunna manyan fitilu, ka murɗa makulli kana kallon haskensu. In suka dusashe sosai ko suka mutu, batir ya yi sanyi ko kansa bai kama da kyau ba. In suka tsaya da haskensu tangaran amma inji bai motsa ba, ka zargi kik ko makunnin da ke aika masa wuta. A mota mai giyar otomatik, mayar da giya kan N ka taka birki ka sake gwadawa. Wani lokaci ɗan makunnin da ke tabbatar da tana kan P ne ya tsufa.

Daga nan buɗe bonet ka dubi kan batir. Ka ga wani gari fari ko shuɗi-shuɗi ya taru? Ka kama wayar ka girgiza, tana motsi? To ai ga mai laifin nan. Cire wayar da ke da alamar ragi tukuna, sannan mai alamar tarawa, ka wanke da bekin soda da ruwa kaɗan, ka goge, ka mayar da ta tarawa, ta ragi ta zama ta ƙarshe, ka ɗaure tamau. Ka duba kuma wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin mota. A ƙasashen da ake zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, tsatsa na cin wannan wayar ba ka sani ba.

Sayi ƙaramar mitar auna wuta, ba ta da tsada. Batirin da ya kwana bai yi aiki ba, in ya nuna bolt 12.6 cike yake. In 12.2 ne, rabi ya rage. Ƙasa da 12, kusan babu komai. Idan mota ta tashi, ka sake aunawa: ya kamata ka ga wajen 13.8 zuwa 14.5. In bai kai ba, alteneta ba ta caji, kuma ko sabon batir ka saka, kwana kaɗan zai bi sahun tsohon.

A jikin batir akwai haruffa uku, CCA, da lamba a gefensu. Lambar tana nuna yawan wutar da batirin zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a digiri 18 ƙasa da sifili ba tare da ya faɗi ƙasa da bolt 7.2 ba. In za ka saya, kada lambar ta gaza wadda littafin motar ya ce. Batir kan yi shekara uku zuwa biyar. Akwai kuma abin da ɗalibai ke yi ba su lura ba: tafiyar minti goma daga gida zuwa makaranta, da hita da fitilu duk a kunne, ba ta mayar wa batir abin da kik ya zuƙa da safe. Kullum ana ɗiba ba a mayarwa, wata rana rijiya ta ƙafe. Ka riƙa ba ta doguwar tafiya lokaci-lokaci, ko ka sayi ƙaramar cajar batir.

Jona batir: akwai tsari

In maƙwabci ya kawo motarsa zai taimaka, tsaya ka dubi batirinka tukuna. Cikakken batir ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 60 ƙasa da sifili, amma wanda ya mutu ruwansa ya kusa zama ruwa zalla, yana iya daskarewa tun wajen digiri 10 ƙasa da sifili. In ka ga gefensa ya kumbura ko ya tsage, kada ka jona, kada ka yi caji. Daskararren batir yana iya fashewa ya watsa maka asid a fuska. Wanda ya tsage ya gama aiki. Wanda bai tsage ba a kai shi wuri mai ɗumi ya narke, a gwada shi.

In lafiya yake, jar waya ta fara: baki ɗaya a alamar tarawa ta mataccen batir, ɗayan a alamar tarawa ta mai rai. Baƙar waya: baki ɗaya a alamar ragi ta mai rai, ɗayan a wani ƙarfe marar fenti a jikin injin motarka, nesa da batir. Dalili kuwa, batir na fitar da iskar haidurojin, tartsatsi ɗaya ya isa. Bar motar maƙwabcin ta yi aiki minti biyar, sannan ka gwada taka. Wajen cirewa, ka fara da wadda ka saka a ƙarshe.

Na san abin da ke ranka: a tura ta mana, kamar yadda muke yi a gida. Turi na aiki ne a mota mai giyar hannu kawai, kuma a kan titin da ƙanƙara ta rufe tayoyi zamewa za su yi maimakon su juya inji, masu turin ma su sha ƙasa.

Baƙin man da ka saba da shi

A garejin Kano ko Kaduna, tsohuwar mota 20W-50 ake zuba mata, kowa ya san haka. Kai wannan al'adar Edmonton ka ga ikon Allah. Lambar da ke gaban harafin W tana nuna yadda man ke gudu a sanyi. Ana gwada 20W a digiri 15 ƙasa da sifili, 10W a 25, 5W a 30, 0W kuma a 35. Shi ya sa a can za ka ga 5W-30 ko 0W-20 sun cika kantuna. In inji na juyawa da nauyi alhali mita ta ce batir cike yake, tambayi kanka wane mai ke ciki, kuma yaushe rabon da a canza shi. Littafin motar ya faɗi wanda ya dace da kowane yanayi. Shi za ka bi.

Tana juyawa, ta ƙi kamawa

Murɗa makulli zuwa inda fitilun gaban direba ke kamawa, ka tsaya nan, ka kasa kunne. A yawancin motoci za ka ji wani ɗan zuuu na daƙiƙa biyu daga wajen tanki. Famfon mai ke nan. In ba ka ji ba, duba fis ɗinsa kafin ka yanke masa hukunci.

Tankin da kullum yake kusa da ƙarewa yana tara raɓa a ciki. Ruwan ya sauka ƙasa, ya shiga bututu, ya daskare, ya toshe hanyar mai. Saboda haka mutanen can ke cewa kada tanki ya sauka ƙasa da rabi a lokacin sanyi. Akwai ruwan da ake sayarwa a gidajen mai don a zuba a tanki ya haɗiye wannan ruwan. In kuma an samu garejin da ke da ɗumi aka tura ta ciki ta yi 'yan awoyi ta tashi, ka gane inda matsalar take.

In kana jin warin fetur bayan ka yi ta gwadawa, mai ya yi wa fulogi yawa ya jiƙa su. Taka totur har ƙasa ka riƙe, ka murɗa na 'yan daƙiƙu. Haka ke ba iska hanya ta busar da silinda. Amma ka daina famfa totur a motar da ba ta da kafireto, ba ya ƙara komai.

Duk mai babur ya san cok: da safen hunturu sai ka ja shi kafin mashin ya tashi, domin injin da ya yi sanyi yana son mai fiye da iska. Motar kafireto ma haka take, in cok ɗinta ya maƙale ba za ta tashi ba. A motocin da suka biyo baya, wata 'yar na'ura ce ke auna zafin ruwan inji ta gaya wa kwamfutar mota. In na'urar ta lalace ta ce inji da ɗumi alhali a daskare yake, kwamfutar za ta aika mai kaɗan, motar ta tashi ta mutu. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da na fetur a Turai daga 2001, suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake kira OBD. Ƙaramar na'urar da ake soka mata tana magana da wayarka ta Bluetooth. Da sassafe kafin ka tayar, dubi zafin ruwan da ta nuna. In a waje ana digiri 20 ƙasa da sifili ita kuma tana cewa 40 sama, ka kama ɓarawonka.

Kada ka manta da tsofaffin fulogi da wayoyinsu. Tartsatsin da ya wadatar a watan Yuli yana iya gazawa a Janairu.

Masu motar gas

Injin gas ba shi da tartsatsi. Matse iska yake yi har ta yi zafin da mai zai kama da kansa, kuma ƙarfe mai sanyi yana shanye wannan zafin. Shi ya sa aka sa masa fulogin ɗumama. Murɗa makulli, jira fitilar nan mai kama da naɗaɗɗiyar waya ta mutu, a tsananin sanyi ka maimaita sau biyu, sannan ka tayar. In tana tashi da kyar tana rawa da farin hayaƙi, wataƙila ɗaya ko biyu daga fulogin sun mutu.

Shi kansa man gas yana ɗauke da kakin da ke fara daskarewa idan sanyi ya kusa sifili ko ya wuce, ya toshe matatar mai. Gidajen mai a ƙasashen sanyi suna canza shi zuwa na hunturu idan lokaci ya yi. Wanda ya cika tanki a watan Satumba ya ajiye mota har Disamba, da man zafi ya shiga sanyi. Sannan ka guji fesa ruwan tayar da inji mai sinadarin ita a injin da ke da fulogin ɗumama, yana iya fashewa a bututun iska.

Ruwan lagireto

A gida, lagireto ya yi ƙasa sai a ɗauko jarka ko ledar ruwa a zuba. A can wannan kashe mota ne. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, ƙarfin da ke iya tsaga jikin inji. Haɗin rabi ruwa rabi maganin hana daskarewa yana karewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Tsohuwar motar da ka saya a hannu, ba ka san me mai ita ya zuba ba, don haka a auna. Maganin guba ne mai zaƙi-zaƙi, a nisanta shi da yara da dabbobi.

In ka ga filogin lantarki na leƙowa daga gaban motoci a Kanada ko Finlan, hitar inji ce. Wani Ba'amurke mai suna Andrew Freeman, a jihar Dakota ta Arewa, ya samu rajistar ƙirƙirarta a 1949. Ana jona ta da wutar gida awa biyu zuwa huɗu kafin fita, ta ɗumama inji. Ga tsohuwar mota, ita ce abokiyar zama. A Yakutsk ta Rasha kuwa, inda digiri 40 ƙasa da sifili ba labari ba ne, wasu direbobi ba sa kashe inji sam in mota tana waje, wasu su lulluɓe ta da bargo na musamman.

Abin da ya fi mota muhimmanci

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada ka hura wuta ko ka sa garwashi a ƙarƙashin inji don ya yi ɗumi. Ga mai, ga roba, ga wayoyi. Kada ka watsa ruwan zafi a gilashi, tsagewa zai yi.

Mafi girma duka: kada ka bar mota tana aiki a rufaffen gareji, kuma kafin ka tayar da wadda dusar ƙanƙara ta rufe, je ka share bakin salansa. In ya toshe, hayaƙin cikin mota zai dawo. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, ita ce dai wadda ke kashe iyalai a nan gida idan aka kwana da janareta a cikin ɗaki. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da jin barci. A guguwar ƙanƙarar da ta faɗa wa yankin Bafalo na Amurka a Disamban 2022, fiye da mutum 40 suka rasu, wasunsu a cikin motoci aka same su. Ka ajiye bargo, safar hannu, ƙaramin shebur, tocila da wayoyin jona batir a but. Jarrabawar da ka rasa ana iya sake ta.

Mu da ke gida fa?

Ruwa ba ya daskarewa a lagireto a Zariya. Amma a Jos daren hunturu kan sauka ƙasa da digiri 10, a tsaunukan Ayar na jihar Agadas kuwa yakan kusanci sifili, kuma wannan ya isa ya kunyata batirin da ya gaji. Zafin watan Afrilu ne ke ƙafar da ruwan batir ya cinye cikinsa, jaurar Janairu kuma ta zo ta bayyana. Don haka layin masu turin mota ke ƙaruwa da safen hunturu.

Akwai kuma al'adar cire tamostat daga motocin Beljiyam da sunan wai na ƙasar sanyi ne. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 90. In babu shi, da safen sanyi inji zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta yi ta ƙara mai, fulogi su yi baƙi, kai kuma kana ƙorafin mota na shan mai a wannan tsadar fetur.

Ba a fafe gora ranar tafiya. In a can kake, watan Oktoba ne lokacin: a gwada batir da alteneta, a canza baƙin mai, a auna ruwan lagireto, a duba fulogi da wayar hita. In a nan kake, yi naka a Nuwamba. Ranar da ta ƙi tashi duk da haka, kada ka je wa makanike da "ta ƙi tashi" kawai. Ɗauki sautin da wayarka, ka ce masa tana juyawa ko ba ta juyawa, fitilu sun dusashe ko ba su dusashe ba, mita ta nuna kaza. Wanda ya zo da wannan bayanin, da wuya a sayar masa da abin da bai lalace ba.